Ranar da Aka Zaunar da Iliyasu Gaban Surukinsa

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da Seyni ya kira ni daga Damana. Ina tsaye a tashar Filinge, jakata a hannu, ina jiran motar Yamai ta cika. Seyni tsohon direba ne, ɗan kulob ɗinmu na eshek, mutumin da ba ya fara magana sai ya tsokane ka. Ran nan bai tsokane ni ba.

"Gado, kana ina?"

Na ce ina tasha, zan je Yamai in sake ganin delege a kan maganar Majo.

Ya ce, "Shiga motar, amma ka sauka Tabla. Majo ya riga mu gidan gaskiya. Da asuba."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Majo Arzika ya rasu da hukunci a kansa, an dakatar da shi bisa zargin haɗin baki a wasa. Bai aikata ba. Ina wurin, na gani da idona, kuma ni ne mai duba wasannin kulob ɗin. Shi ya sa nake so ku da kuke shigowa aikin nan a bayana ku ji yadda abin ya faru daga bakina, ba daga abin da aka watsa a waya ba.

Bari in fara da aikin kansa, saboda waɗanda ba su san shi ba. Eshek wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gidaje farare da baƙaƙe, wasu suna ce masa darar Turawa. Kowane ɓangare yana da sarki, da sarauniya wadda ta fi kowa ƙarfi, da dawakai, da sauransu, har zuwa ƙananan sojoji da muke kira piyon. Wanda ya tsare sarkin abokin wasansa har ya rasa inda zai bi, shi ya ci. Kulob ɗinmu ba na ƙwararru ba ne. Akwai malaman lakkol, wato makarantar boko, da teloli, da masu gyaran waya, da manoman da ba ma ganinsu sai an gama girbin hatsi. Sau ɗaya a shekara, cikin sanyi, muna shirya gasa, mutane su zo daga Damana da Tabla da Baleyara. Komitin da ke sama da mu yakan aiko da delege, shi ne alƙalin gasar, kuma ukun farko su ake kaiwa Yamai su wakilci yankinmu.

A gasa dole kowane ɗan wasa ya rubuta motsinsa da na abokin wasansa a takarda. In an tashi, ni ake tara wa takardun. Nakan sake buga kowane wasa ni kaɗai a kan allo, in gano inda ya karkace, sannan ranar Asabar in zauna da masu wasan mu bi shi tare gaban kowa. Wannan zaman shi muke kira bita. Na fi ba da ƙarfi ga buɗewa, wato motsin farko-farko, don a nan mutanenmu suke faɗuwa. Wani ya fito da sarauniya tun ba a je ko'ina ba, a yi ta korar ta kamar akuyar da ta shiga gonar wake. Wani ya haddace buɗewar Sisiliyen daga waya, in aka kauce masa kaɗan sai ya tsaya yana kallon rufi. Duk shekara sai na sake nuna tarkon nan da ake kira dukan makiyayi, duk shekara kuma sai wani ya faɗa. Abin da ya fi wuya kuwa shi ne hana magana. Mutanenmu da dara suka saba, inda ɗan kallo yake da bakinsa, mai wasa kuma yake zagin abokinsa yana dariya. A gasar eshek ba a magana.

Majo tsohon ma'aikacin likita ne. Ya yi shekaru yana allura da ɗaurin rauni a ƙauyukan Kurfai kafin ya ajiye aiki ya koma gida Tabla. Shi ya kawo wa kulob ɗin allonsa na farko. Buɗewa ɗaya gare shi in ya sami farare: ya tura piyon ɗin da ke gaban dokinsa na hagu gida biyu, can gefe, inda ba wanda ke tsammani. Na sha gaya masa a bita cewa wannan buɗewar tana bar wa abokin wasa tsakiyar allo kyauta. Sai ya ce, "Gado, ta inda mara lafiya ba ya kallo ake yin allura." Seyni ya karɓe, "Shi ya sa rabin Kurfai ke ɗingishi." Majo ya ce masa direban da ya fi sanin rami da hanya ba shi da bakin magana. Haka suke shekara da shekaru.

Na ukunsu a labarin nan shi ne Iliyasu, mai gyaran waya a Filinge, matashi, wanda ya fi kowa iya wasa a kulob. Kafin daminar shekarar da abin ya faru ya auri Hadiza, ɗiyar Majo. Tun daga ranar, kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan ya sani, ba ya zama tabarma ɗaya da Majo, ba ya cin abinci gabansa, ba ya kallon idonsa, ba ya kama sunansa. In Majo ya shigo, Iliyasu zai cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya koma can ƙarshen ɗaki. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

A gasar bara ne abin ya faru, a zagayen ƙarshe. Ordinater, wato kwamfuta, ke haɗa wa zai kara da wa, bisa ga makin kowa. Iliyasu yana kan gaba, ya riga ya sami wurinsa na Yamai ko ya ci ko ya faɗi. Majo da Seyni suna takarar wuri na uku. Delege ya manna takardar haɗi a bango, na leƙa, na ga tebur na farko: Arzika da farare, Iliyasu da baƙaƙe.

Kafin in juya Iliyasu yana gefena. Mushe yakan ce mini, kalmar girmamawa ta Faransanci, kamar a ce malam.

"Mushe Gado, ka taimake ni. Ba ni iya zama gaban Baba."

Na je wurin delege. Matashi ne mai ilimi, ya san dokokin wasa fiye da ni, ba zan hana shi wannan ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, waɗannan biyun suruki da suruki ne. Yaron ɗiyar tsohon yake aure."

"Akwai dokar da ta hana su karawa?"

"A littafi babu. Amma ba zai iya ɗaga ido ba, balle ya kai wa sarkinsa hari. Wasan ba zai zama wasa ba."

Ya ce, "Mushe Gado, nan gasa ce, ba ɗaurin aure ba. In na canza wannan, gobe wani ya ce maƙwabcinsa ne, wani ya ce limaminsu ne."

Na tambaya ko za a bar Iliyasu ya janye daga zagayen. Ya ce in bai zauna ba, zai rubuta cewa ya ƙi wasa, ya rasa wurinsa na Yamai, Majo kuma ya sami maki a banza. Na ce to, ya riƙe a ransa cewa na gaya masa tun kafin a fara. Ya ce ya ji.

Ban ce ba shi da hujja ba. Alƙali yana tsoron buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta komai ba.

Iliyasu ya bar takalmansa a bakin ƙofa, ya ɗosana a gefen kujera. Doka ta ce a gaisa da hannu kafin a fara, ya miƙa hannu biyu kansa a ƙasa. Majo ya tura piyon ɗinsa na kullum. Iliyasu ya amsa yadda muka sha nunawa a bita: ya kama tsakiya, ya cinye piyon ɗin da ya yi nisa da 'yan'uwansa, ya fito da dawakansa. Har nan hannunsa ne ke wasa, ba sai ya yi tunani ba.

Sai Majo ya yi kuskure irin wanda gajiya ke sa tsoho. Ya ajiye sarauniyarsa a gidan da dokin Iliyasu, da tsalle ɗaya, zai kai wa sarki da sarauniya hari tare. Sarki dole ya gudu, sarauniya ta tafi ke nan. Ko wanda ya fara wasa jiya zai gani. Seyni ya gama nasa wasan yana tsaye a bayana, na ji ya ja numfashi.

Iliyasu ya gani. Hannunsa ya tashi, ya tsaya a sama, ya koma kan cinyarsa. Ya daɗe, agogon da ke ƙirga lokacin wasansa yana tafiya. Daga baya ya tura wani piyon can gefe, motsin da ba ya cutar da kowa.

Majo ya duba allon. Ya gane kuskurensa, ya kuma gane abin da aka yi masa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wani da sai ya janye sarauniyarsa ya gode wa Allah. Shi bai janye ba. Ya bar ta nan, ya motsa wani abu dabam, ya danna agogo da ƙarfi. Iliyasu ya sake tura piyon. Majo ya sake barin ta. Sai ya yi magana, a ɗakin da ko tari ba a yi.

"Mi kake jira? Ɗauki abinka."

"Baba..."

"Ɗiya na ba ka, ban roƙe ka sarauniya ba. Ci, na ce. Ba bara na zo yi ba."

Delege ya taso yana cewa, "Silans! Ba a magana!" Kafin ya iso, Iliyasu ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama ke nan, ya sauka daga kujera ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi mini gafara." Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.

Delege ya miƙa wa Majo takarda ya sa hannu a kan sakamako. Majo ya ture ta. "Wannan ba ci ba ne. Ba ni sa hannu ga abin da ban ci ba." Delege ya ce wanda ya sallama ya faɗi, ya rubuta sakamakon da kansa. Majo ya zo na uku, Seyni na huɗu. Seyni ya so ya sassauta abin, ya ce, "Tsoho, yau da suruki ka ci ni, ba da allura ba." Ban taɓa ganin Seyni ya jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ran nan.

Na aika wa komite takardun wasannin kamar kullum, na haɗa da bayanin abin da na gani. Bayan 'yan makonni sai ga saƙo a zauren kulob na waya, inda kowa da kowa yake. An ce an sa wasan a na'ura, ta nuna 'yan wasa biyu sun yi ta wuce sarauniya kamar ba su gan ta ba. An ce an ji suna magana a kan tebur, kuma surukai ne, kuma sakamakon ya amfani ɗayansu. Saboda haka wasan haɗin baki ne. An soke shi, an dakatar da su biyun shekara biyu, an ba Seyni wurin. Da sunayensu cikakku.

Ba wanda ya kira Majo. Ba wanda ya kira Iliyasu, ba wanda ya kira ni. Ba a ce tsohon ya ƙi sa hannu ba. Ba a faɗi abin da ya ce ba, an dai ce an ji magana. Ba a ce an gargaɗi alƙali tun kafin a taɓa allo ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Mutumin da ya bar sarauniyarsa a bakin doki don kada a yi masa sadaka, shi aka rubuta cewa ya nemi sadakar.

Kun san ƙasarmu, maganar da ta shiga waya ba ta kwana a waya. Ranar kasuwar Baleyara wani wanda bai san doki daga piyon ba ya ce masa cikin wasa, "Majo, ashe an kama ku da maguɗi?" Mutumin da ya riƙe makullin ɗakin magani shekaru, ba a taɓa neman ƙwaya ɗaya an rasa ba.

Na je Tabla na same shi a rumfarsa yana gyaran igiya. Ya ce, "Gado, ni ban nemi Yamai ba. A ba Seyni, ya fi ni son mota. Abu guda nike so. Ka yi bitar wasan nan gaban kowa, kamar kowane wasa. Ka ce Arzika ya ajiye sarauniya inda ba a ajiye ta. Ka ce yaron ya ji kunya. Ka yi muna faɗa mu duka. Amma waɗanda sunka ce na roƙa, su dawo inda sunka faɗa su ce ban roƙa ba."

Na yi bitar. Delege ya ce wasan da aka soke ba a bitarsa, na ce ni dai takarda ce a hannuna, aikina in duba ta. Ɗakin ya cika. Na bi buɗewar motsi bayan motsi, na nuna inda Majo ya saki tsakiya, na nuna tsallen dokin da ba a yi ba. Majo bai zo ba. Ya ce wanda aka dakatar ba ya shiga, kuma shi ba ya karya doka ko da ta zalunce shi. 'Yan kulob duk sun san gaskiya, amma ba su suka yi hukuncin ba.

Shi ya sa na je Yamai karo na farko. Delege ya karɓe ni da mutunci, har ya sa aka kawo mini shayi. Na tambaye shi ko ya gaya wa komite cewa na yi masa magana kafin wasan.

"Ba a tambaye ni ba."

"Ka gaya musu ya ƙi sa hannu?"

"Mushe Gado, abin da ke kan allo aka duba. In muka karɓi kunya a matsayin hujja, kowa zai zo da tasa."

Na ce Iliyasu da bakinsa ya yarda ya saɓa doka, ya ce a bar masa hukuncinsa, ko a ƙara. Tsohon kaɗai muke roƙo a wanke. Ya ce dosiye, wato takardun maganar, yana hannun komite, sai zama na gaba, bayan damina. Na dawo na gaya wa Majo haka. Ya ce Allah ya kai mu. Seyni kuwa ya ƙi zuwa Yamai, ya ce shi bai taɓa ɗaukar fasinjan wani ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, ba zama ba labari. Tafiyata ta biyu ita ce wadda ta tsaya a Tabla.

Na isa an gama yi wa Majo wanka. Iliyasu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. A zaman makoki ya zauna can ƙarshen tabarmi, nesa da inda Majo yakan zauna, kamar tsohon yana nan. Seyni ya iso yana gaida mutane da fonda tilas, gaisuwar ta'aziyyar Zabarmawa.

Ranar sadakar uku delege ya zo, na yaba masa wannan. Bayan addu'a ya ja ni da Seyni gefe, ya ce komite yana tunanin gasar bana a sa mata sunan marigayi, a kira kofin da sunansa, don shi ne uban kulob.

Seyni ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kofi da sunan wanda kunka ce ya yi maguɗi? To wa zai ɗauka ya kai gida?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ku fara ɗage hukuncin."

Ya ce mutuwa ta rufe dosiye, dokarsu ba ta da hanyar ɗage hukunci ga mamaci. Na ce ba doka muke nema ba. Layi ɗaya ne, a zauren nan da aka sa sunansa, a ce an sake dubawa, Arzika bai haɗa baki da kowa ba. Ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, zai kai wa komite. Na riƙe bakina don gidan mutuwa ne. Abin da ke cikina a lokacin bai dace da wurin ba.

Da yamma Iliyasu ya raka ni bakin hanya. Muna tafiya ya ce, "Mushe, da na ci sarauniyar nan, da gari ya ce mijin Hadiza ya kunyata ubanta gaban mutane. Ban ci ba, ga abin da na jawo masa." Na ce ba shi ya rubuta saƙon ba. Ya ce kwana kaɗan kafin rasuwar, Majo ya ba Hadiza saƙo gare shi, tun da ba sa irin wannan maganar ido da ido: ta gaya wa mijinta ya koma wasa in lokacinsa ya cika, kuma in ya sake barin sarauniya a kan allo, ko ta wace ce, bai yafe ba. Ya yi dariya kaɗan yana faɗa, sai ya juya fuska. Ya ce shi ba zai taɓa allo ba sai an wanke Baba.

Ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku riƙe. Takardar wasa tana gaya maka abin da aka motsa, ba ta gaya maka dalili. In ka ga motsin da hankali bai ɗauka ba, kada ka sa masa suna sai ka je ka tambayi mai shi, ko da Damana yake, ko da kuɗin motarka za ka biya. Sau da yawa jahilci ne, wani lokaci gajiya ce, wani lokaci kuma abin da aka rene shi da shi ne ya riƙe masa hannu. Kuma kafin a manna takardar haɗi a bango, ku san mutanenku, ku san wa ya auri ɗiyar wa. Ba na ce a bar kunya ta ci doka ba. Iliyasu ya yi laifi a dokar wasa, shi ma ya sani. Amma wanda zai sa sunan dattijo a gaban jama'a, ya kamata ya fara jin ta bakinsa, in kuma ya yi kuskure ya dawo ya faɗa da bakin da ya yi maganar farko.

Sanyi ya fara, gasar bana ta matso. 'Yan kulob sun taru sun ce ba za a sa wa kofin sunan Majo ba sai an janye maganar. Iliyasu bai dawo ba, Seyni yakan zo ya zauna bai buga ba. Makon jiya na sake kiran delege. Ya ce komite bai zauna ba tukuna.